Darasi na Tara: Sunan Folda Mai Ruɗi da Haɗarin Goge Fayilolin Rumbun Bayanai

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran mai koyo zai iya:

1. bambance fayil ɗin rahoto da fayil ɗin da rumbun bayanai ba ya rayuwa sai da shi;
2. bayyana aikin foldodi uku na PostgreSQL masu kama da juna a suna, da dalilin sauya sunayensu;
3. faɗin abubuwan da ke sa faifai ya cika, da matakan da ake bi kafin a taɓa komai;
4. raɗa wa foldodinsa sunayen da ba za su ruɗi wanda zai gaje shi ba.

Gabatarwa

A darussan baya mun koyi ƙirƙirar folda, da sauya mata suna, da kwashe fayil daga wuri zuwa wuri, da gogewa. Gogewa ce mafi sauƙi a cikinsu, ita ce kuma mafi tsada idan aka yi ta a inda bai dace ba. A kwamfutar gida, abin da aka goge yakan faɗa kwandon shara, ana iya komawa a ɗauko shi. A babbar kwamfutar da ke yi wa ma'aikata gaba ɗaya hidima kuwa, wadda ake kira saba, yawanci da rubutaccen umarni ake aiki. A tsarin Linux umarnin gogewa shi ne rm, kuma ba ya bi ta kwandon shara. Abin da ya tafi ya tafi ke nan.

A irin wannan saba ake ajiye rumbun bayanai: sunayen marasa lafiya a asibiti, makin ɗalibai a makaranta, lissafin kantin magani ko na ƙungiyar haɗin kai. Sau da yawa wanda aka ɗora wa kula da ita ba ƙwararre ba ne, shi ne dai ya ɗan fi sauran ma'aikata sanin kwamfuta. Ranar da faifan ajiya ya cika, aiki ya tsaya, layi ya yi tsawo, shi za a kira. Zai duba foldar da ta fi cin wuri, ya karanta sunanta, ya yanke hukunci. Wannan hukunci shi ne batunmu na yau, domin suna kaɗai bai isa ya zama hujjar gogewa ba.

Misalin da za mu zauna a kansa shi ne PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai da aka fi amfani da su a duniya. Asalinta aikin bincike ne mai suna POSTGRES wanda Farfesa Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka tun 1986, ta kuma samu sunanta na yanzu a 1996. Kyauta ce, ba ta kuma yi mana nisa ba: manhajar DHIS2, wadda ma'aikatun lafiya na Nijeriya da Nijar da Gana ke tattara alƙaluman asibitoci da ita, a kan PostgreSQL take ajiye bayananta.

Foldodi uku masu kama da juna

PostgreSQL tana ajiye komai nata a cikin babbar folda guda. Kafin siga ta 10, wanda ya buɗe wannan folda yakan ga waɗannan sunaye uku a cikin jerin: pg_log, da pg_xlog, da pg_clog. Harafi ɗaya tak ya raba ta farko da kowace ɗaya daga sauran biyun. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Tushen ruɗanin shi ne haruffa ukun da sunayen suka ƙare da su. A bakin masu kwamfuta, log yakan nufi rahoton da manhaja ke rubutawa domin mutum ya karanta: an kunna ni ƙarfe kaza, wane ya shiga, an samu kuskure kaza. A Linux akwai folda ta musamman domin irin waɗannan rahotanni, /var/log, kuma kowane sabon ma'aikaci abin da ake fara koya masa shi ne tsofaffin rahotanni ba su da amfani sosai, in wuri ya ƙure su ake fara sharewa. Wannan koyarwa daidai ce. Matsalar ita ce masu ƙera rumbun bayanai su ma da wannan kalma suke kiran wani abu dabam, wato kundin da rumbu ke rubuta wa kansa duk sauyin da aka yi masa, wanda ba a yi shi domin idon mutum ba.

A cikin foldodin nan uku, pg_log ce kaɗai rahoto. Rubutu ne da ake iya buɗewa a karanta, idan kuma aka goge tsofaffinsa babu abin da zai samu bayanai. Sauran biyun sassan jikin rumbun ne.

Aikin pg_xlog

Domin fahimtar wannan folda, ku ɗauki mai kanti a ranar kasuwa. Yana da babban littafi inda kowane abokin ciniki ke da shafinsa. Cikin cunkoso ba shi da lokacin neman shafin kowa, saboda haka sai ya ajiye ƙaramin littafi a gefen teburi, duk cinikin da ya faru ya rubuta shi nan take, ɗaya bayan ɗaya. In an samu sarari sai ya kwashe zuwa babban littafi, ya ja layi a ƙarƙashin inda ya tsaya. Abin da ke saman layi ya riga ya shiga babban littafi. Abin da ke ƙasan layi kuwa babu shi a ko'ina sai a ƙaramin littafin nan. Yaron kanti da ya ga littafin ya cika da ƙazamin rubutu ya jefa shi a wuta ya ƙona cinikin da ba a kwashe ba.

Haka rumbu ke aiki. Rubutu a wurare dabam-dabam na faifai yana cin lokaci, rubutu a jere kuwa yana da sauri. Don haka idan aka sauya wani bayani, PostgreSQL tana yin sauyin a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda abin da ke cikinta ke gushewa da zarar wuta ta ɗauke, sannan ta rubuta labarin sauyin a kundin da ke cikin pg_xlog, ta tabbatar ya zauna a faifai, sai ta ce wa mai aiki an ajiye. Ainihin fayilolin bayanai, waɗanda ke cikin foldar base, sai daga baya ake daidaita su. Wannan kundi na rubutun share fage shi ake kira WAL, ya kuma shigo PostgreSQL a siga ta 7.1 a 2001.

Lokaci zuwa lokaci rumbu yakan tsaya a wani zango ya kwashe duk sauye-sauyen da ke ƙwaƙwalwa zuwa fayilolin bayanai, ya yi alama a kundin. Umarnin yin haka da hannu shi ne CHECKPOINT, amma rumbu da kansa yake yi, bisa tsarin asali duk bayan minti 5, ko idan kundin ya taru da yawa. Idan wuta ta ɗauke, da an sake kunnawa sai rumbu ya duba wani ƙaramin fayil mai suna pg_control ya ga inda zangon ƙarshe yake, ya bi kundin daga nan yana maimaita kowane sauyi har ya iso inda aka tsaya. A garuruwanmu, inda ɗaukewar wuta da mutuwar janareto ba baƙon abu ba ne, wannan kundi shi ke tserar da bayanai kusan kullum ba tare da kowa ya lura ba.

Fayilolin da ke cikin foldar su ma suna taimaka wa ruɗanin. Kowanne megabayit 16 ne bisa tsarin asali, sunansa kuma jerin lambobi da haruffa 24 ne, irin su 000000010000000000000001. In an buɗe ba a ganin rubutun da ke karantuwa. Ɗaruruwan fayiloli masu girma ɗaya da sunaye marasa ma'ana, a cikin foldar da sunanta ya ƙare da log, ga idon sabon shiga shara ce tsantsa.

Aikin pg_clog

A rumbun bayanai, ayyukan da dole su tafi tare ana ɗaure su a matsayin mu'amala ɗaya. Tura kuɗi misali ne: a cire daga asusun wannan, a ƙara a asusun wancan. Ko dai duka biyun su tabbata, ko kuma a soke su duka. Kowace mu'amala tana da lamba, kowane layin bayani kuma yana ɗauke da lambar mu'amalar da ta rubuta shi. Amma PostgreSQL ba ta share layukan mu'amalar da aka soke nan take, suna nan zaune a fayil tare da na gaskiya har sai an zo shara. To ta yaya rumbu ke sanin wanne zai nuna, wanne zai ɓoye? A pg_clog yake dubawa. Can aka rubuta makomar kowace mu'amala: tana gudana, ta tabbata, ko an soke ta.

Bit 2 kacal ake kashewa a kan kowace mu'amala, har fayil ɗaya mai kilobayit 256 yana riƙe da makomar mu'amala 1,048,576. Ma'ana foldar ƙarama ce ƙwarai, wanda ya goge ta bai samu wurin a zo a gani ba. Abin da ya samu shi ne rumbun da bayanansa ke nan amma ya kasa tantance na gaskiya da wanda aka soke. Idan aka nemi layin da ke buƙatar fayil ɗin da ya ɓata, sai a ga saƙon could not access status of transaction, wato rumbu ya kasa gano makomar mu'amalar, tambayar kuma ta tsaya a nan.

Cikar faifai ba ta kashe bayanai

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe daga wannan darasi. Idan faifan da kundin WAL ke kai ya cika, PostgreSQL tana rufe kanta da gangan, tana nuna saƙon da ya fara da PANIC. Saƙon yana da ban tsoro, amma duk mu'amalar da ta tabbata tana nan lafiya. Da zarar an samar da wuri, rumbu zai tashi, ya bi kundinsa, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Asarar da aka yi ta lokaci ce kawai.

Ɓarna tana farawa ne lokacin da mai kula ya goge fayilolin kundin domin samar da wurin. Ku lura cewa rumbun ya mutu ne bagatatan, bai samu damar kwashe abin da ke ƙwaƙwalwa ba, saboda haka a daidai wannan lokaci ya fi buƙatar kundin fiye da kowane lokaci. Idan aka kunna shi zai nemi zangon ƙarshe ya rasa, ya rubuta could not locate a valid checkpoint record, ya ƙi tashi. An je gyaran gira, an rasa ido.

Akwai wani kayan aiki mai suna pg_resetxlog, wanda yanzu ake kira pg_resetwal, da ke tilasta wa rumbu tashi da sabon kundi fanko. Mutane da yawa suna ganin rumbu ya tashi sai su ɗauka an warke. Ba a warke ba. Wasu sauye-sauyen sun riga sun isa fayilolin bayanai, wasu ba su isa ba, don haka ana iya samun kuɗin da aka cire daga wani asusu bai shiga ɗayan ba, ko layin da aka goge ya dawo. Littafin jagoran PostgreSQL kansa ya ɗauki wannan kayan aiki a matsayin mafita ta ƙarshe, ya kuma umarci wanda ya yi amfani da shi ya fitar da bayanan nan take, ya gina sabon rumbu, ya zuba su, sannan ya binciki abin da ya lalace.

Yadda aka sauya sunayen

Shekara da shekaru masu haɓaka PostgreSQL suna samun koke iri ɗaya daga mutanen da suka goge pg_xlog ko pg_clog. Littafin jagora ya yi bayanin aikin foldodin, amma mai gaggawa a tsakar dare ba littafi yake karantawa ba, suna yake karantawa. Daga ƙarshe suka yarda cewa in mutane dabam-dabam suna ta faɗawa rami ɗaya, to gyaran ramin ya fi yawan gargaɗi amfani.

A siga ta 10, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2017, pg_xlog ta koma pg_wal, pg_clog ta koma pg_xact, foldar rahoto kuma ta koma log kawai. Sauyin bai zo da sauƙi ba, domin kayan aiki da umarni da yawa suna ɗauke da tsohon suna, dole aka sauya su, duk wanda kuma ya rubuta ƙananan shirye-shiryen ɗaukar kwafi ko sa ido sai da ya gyara nasa. Sun zaɓi a sha wannan wahala sau ɗaya a kan a ci gaba da asarar bayanan mutane.

Sai dai sabon suna ya rage tarko ne kawai. Har yau foldar pg_wal tana kumbura, har yau kuma goge ta da hannu yana kashe rumbu. Ga kuma tsofaffin saba da ba a sabunta ba, waɗanda ke ɗauke da tsofaffin sunayen.

Me ke sa kundin ya kumbura?

A ƙa'ida PostgreSQL ce ke share kundinta. Bayan kowane zango takan goge fayilolin da ba ta buƙata ko ta sake amfani da su, tana ƙoƙarin kada su wuce iyakar max_wal_size, wadda gigabayit 1 ce bisa tsarin asali. Idan kuka ga foldar ta kai gigabayit hamsin ko ɗari, to akwai abin da ya hana ta sharewa. Dalilai uku ne suka fi yawa.

Na farko, gazawar adanawa. Ana iya saita rumbu ya riƙa tura kwafin kowane fayil na kundin zuwa wata taska ta umarnin archive_command. Idan taskar ta cika, ko hanyar sadarwa ta yanke, rumbu ba zai goge fayil ɗin da bai tura ba, sai su yi ta taruwa. Ana duba pg_stat_archiver a ga ko turawar na gazawa.

Na biyu, gurbin kwafi da aka manta. Ma'aikatu da yawa suna da saba ta biyu ta ko-ta-kwana, wadda ke karɓar kundin daga ta farko. Tun siga ta 9.4 ana iya buɗe mata gurbi wanda ke tilasta wa ta farko ta riƙe duk abin da ta biyu ba ta karɓa ba. Idan ta biyu ta lalace ko aka cire ta aka bar gurbin, ta farko za ta yi ta jira har faifai ya cika. Ana duba pg_replication_slots, a cire gurbin da aka tabbatar ba a buƙata da pg_drop_replication_slot. Siga ta 13 ta ƙaro max_slot_wal_keep_size domin a sa wa wannan jira iyaka.

Na uku, aiki mai nauyi na lokaci ɗaya, kamar zuba miliyoyin layuka a dare guda. Wannan yakan sauka da kansa bayan aikin ya ƙare.

A duka ukun, in an gyara dalili, rumbu ne zai share fayilolin da kansa a zango na gaba.

Ba PostgreSQL kaɗai ba

A MySQL, fayilolin ib_logfile0 da ib_logfile1 irin wannan aiki suke yi, kuma daga siga ta 8.0.30 an mayar da kundin cikin folda mai suna #innodb_redo. Akwai kuma fayilolin binlog, waɗanda da umarnin PURGE BINARY LOGS ake rage su, ba da rm ba. A SQL Server na kamfanin Microsoft, fayil mai ƙarewa da .mdf ke riƙe da bayanai, mai ƙarewa da .ldf kuma shi ne kundin. A Oracle akan ga suna irin redo01.log, wanda duk umarnin da aka rubuta domin share fayiloli masu ƙarewa da .log zai haɗa da shi. Har a wayar hannu abin yana nan: SQLite, wadda manhajojin Android da iPhone ke ajiya da ita, tana ajiye fayil mai ƙarewa da -wal ko -journal kusa da rumbunta, raba su kuma yana iya jawo asarar bayanai ko lalacewar rumbun.

Kamannin suna ba sabon shiga kaɗai yake kayarwa ba. Ranar 31 ga Janairu 2017, a kamfanin GitLab mai ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu, sabar ko-ta-kwana ta faɗi baya wajen karɓar kundin. Wani injiniya da dare ya yi masa yana aiki ya yi niyyar share foldar bayanan ta biyun domin a sake cika ta. Sunan saba ta farko ya fara da db1, na ta biyun da db2, sai ya bayar da umarnin a kan ta farko. Kafin ya tsayar da shi, kimanin gigabayit 300 sun tafi, saura wajen 4.5. Da aka koma ga kwafin ajiya sai aka tarar da pg_dump, kayan aikin da ke ɗaukar kwafin, ya daɗe yana gazawa ba a sani ba, saboda na siga ta 9.2 ne ake gudanarwa a kan rumbu na 9.6. Abin da ya cece su kwafi ne da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin faruwar abin domin wani gwaji. Bayanan waɗannan awanni sun salwanta: ayyuka kimanin 5,000, sharhi kimanin 5,000, da sababbin asusu kimanin 700. Darasi biyu ne a nan. A tabbatar da inda ake tsaye kafin a bayar da umarnin gogewa, sannan kwafin ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana aiki ba.

Matakan da ake bi idan faifai ya cika

1. A dakata. Rumbun da ya tsaya saboda rashin wuri bai lalace ba. A sanar da shugaba cewa gyara zai ɗauki lokaci.
2. A auna. Umarnin df -h yana nuna faifan da ya cika, du -sh kuma yana nuna girman folda. Duka biyun kallo kawai suke yi, ba sa sauya komai.
3. A nemi wuri a wajen foldar rumbu: tsofaffin rahotanni, fayilolin da aka sauke aka manta, tsofaffin kwafin da aka tabbatar akwai su a wani wuri. In da hali a ƙara girman faifai.
4. In babu abin da za a rage, a kashe rumbu, a kwashe foldar pg_wal ɗungurungum zuwa faifai mai wuri, a bar mahaɗi a gurbinta mai nuni da sabon wurin.
5. Bayan rumbu ya tashi, a binciki dalilin kumburin a gyara shi.

Idan kuwa an riga an goge, kada a ɓoye, kada kuma a shiga gwaje-gwaje. In rumbu yana amsawa har yanzu, a hana mutane rubutu, kada a sake kunna shi, a fitar da bayanai da pg_dump zuwa wani faifai. In ya mutu, a kwafi foldar bayanan gaba ɗaya a ajiye a gefe kafin a gwada kowane gyara, sannan a kira ƙwararre a faɗa masa ainihin umarnin da aka bayar. Gaskiyar abin da ya faru ita ce ke taƙaita masa aiki.

Kafin goge kowane fayil a saba, a yi wa kai tambayoyi uku. Wace manhaja ce ta ƙirƙire shi? Ko tana da nata umarnin rage shi? In ya zamana kuskure ne, ina kwafin da za a dawo da shi? Idan ko ɗaya ba ta da amsa, a bar fayil ɗin a tambayi wanda ya sani. Matambayi ba ya ɓata.

Idan ku ne masu raɗa suna

Ku ma kuna raɗa wa foldodi suna kullum, wani kuma zai gaje ku. Kada ku sa abu mai muhimmanci a foldar da kuka kira shara, ko gwaji, ko tsoho, ko wucin gadi, domin duk mai neman wuri da ita zai fara. Kada sunaye biyu masu aiki dabam su bambanta da harafi ɗaya ko lamba ɗaya. Suna ya faɗi abin da ke ciki da lokacinsa, kamar albashi_2024_kwafin_ajiya. Ku raba abin da ake iya sharewa da wanda ba a taɓawa, kowanne da foldarsa. A foldar da ke da haɗari ku ajiye ɗan fayil mai suna KARANTA_KAFIN_GOGEWA, ku rubuta aikin foldar da muƙamin wanda za a tuntuɓa, sai dai ban da cikin foldodin da rumbu ke sarrafawa da kansa.

Taƙaitawa

Fayil ɗin rahoto na mutum ne, ana iya rage tsofaffinsa. Kundin sauye-sauye da kundin makomar mu'amala na rumbu ne, shi kaɗai ke da ikon share su. A PostgreSQL sunayensu na da su ne pg_xlog da pg_clog, na yanzu pg_wal da pg_xact. Cikar faifai tana tsayar da aiki ne kawai, gogewa da hannu ita ke lalata bayanai. Kumburin kundi alama ce ta wata matsala, ita ake nema a gyara.

Tambayoyi

1. Wace ce kaɗai foldar rahoto tsakanin pg_log da pg_xlog da pg_clog? Faɗi aikin sauran biyun.
2. Me ya sa rumbu ke fara rubuta sauyi a kundi kafin ya taɓa fayilolin bayanai?
3. Me ya sa goge kundin bayan rumbu ya mutu bagatatan ya fi muni?
4. Mu'amala nawa fayil huɗu na pg_xact ke riƙe da makomarsu, kuma wuri nawa suke ci?
5. Kawo dalilai uku da ke sa pg_wal kumbura, da maganin kowanne.
6. Waɗanne kurakurai biyu ne suka haɗu a abin da ya faru a GitLab?

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku. An kira ku wani asibiti, rumbu ya tsaya, faifai ya cika. Kun tarar da pg_wal tana da gigabayit 80, foldar rahoto gigabayit 6, da tsofaffin fayilolin da aka sauke gigabayit 12. An kuma gaya muku an cire sabar ko-ta-kwana wata biyu da suka wuce. Ku rubuta matakan da za ku bi a jere, ku faɗi abin da kuke zargi da dalilinku, sannan ɗaya daga cikinku ya bayyana wa shugabar ma'aikatan jinya halin da ake ciki cikin jimla biyar, ba tare da kalmomin fasaha ba.

Aikin gida

Ku duba foldodin kwamfutarku ko wayarku ba tare da goge komai ba. Ku rubuto sunaye biyar da za su iya ruɗar baƙo, ku raba waɗanda ku kuka raɗa da waɗanda manhaja ta raɗa. Ga waɗanda ku kuka raɗa, ku kawo sabon sunan da ya fi bayyana abin da ke ciki. Za mu tattauna su a farkon darasi na goma.